Sawu a Bayan Shagon Basirat

Ranar Juma'a ce cikin watan Agusta. An yi ruwa da hantsi, ya ɗauke wajen sha biyu. Ƙarfe ɗaya da rabi Basirat mai hoto ta kulle shagonta da ke Fagge ta tafi gida yin salla. Da ta dawo uku saura kwata, kwaɗon ƙofa yana nan yadda ta bar shi. Ta buɗe ta shiga. Sai da ta ja kujera za ta zauna sannan ta lura babu komai a kan teburin.

Kyamarorinta biyu suna nan a rataye. Firinta tana nan. Kwamfutar ce kaɗai babu, ita da jakarta.

Ba irin laftof ɗin da 'yan jami'a ke ratayawa ba ce. Baƙa ce, mai faɗi, mai nauyi kamar bulo, irin wadda injiniyoyi da masu zanen gini ke aiki da ita. Idan aiki ya yi mata yawa sai a ji fankokinta suna huci har bakin ƙofa. Sai da Basirat ta sayar da filin da ta gada kafin aka sayo mata ita daga Dubai, domin fuskar kwamfutar na nuna launi yadda yake. Jan atamfa daban, jan leshi daban, fatar amarya ba ta komawa toka-toka. Shekara bakwai ke nan da soja suka koma bariki, bukukuwa sun yawaita, kuma duk Fagge babu mai irinta.

Amma ba kuɗinta ne ya tayar wa Basirat da hankali ba. Ita ce mai hoton da ake bari ta shiga inda maza ba sa shiga: kamu, sa lalle, wunin mata. A cikin kwamfutar akwai hotunan matan aure da 'yan mata na gidaje fiye da talatin, babu mayafi, wasu babu ko ɗankwali, suna rawa a tsakar gidajensu.

Kafin la'asar layin ya cika da maza. Wannan ya ce hoton matarsa na ciki, wancan ya ce na ƙanwarsa. Kowa na kallon na kusa da shi.

Taofeek, yayan Basirat, wanda ke buga fastocin 'yan siyasa a shagon da ke jikin nata, shi ne ya ɗaga murya.

"A daina wahalar da kai! Lokacin da aka yi satar nan kowa yana masallaci. Wane ne ba ya zuwa masallaci, kuma ya san kan na'urar nan?"

Ba sai da ya faɗi suna ba. Obinna ne, mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari, wanda ya haɗa wa Basirat ita tun ranar da ta iso. Samari shida suka hau babura. Cikin rabin awa suka dawo da shi, leɓensa a fashe, rigarsa a yage, ɗaya daga cikinsu yana ɗaga wata ƙatuwar caja sama.

"Ga shaida! A shagonsa muka samo ta!"

Basirat tana ta cewa ita ta kai masa cajar kwamfutar gyara da safe, amma babu mai jin ta. Da ƙyar mai unguwa ya janye Obinna ya saka shi a zaurensa, ya zauna a bakin ƙofa, ya aika a kira Malam Modu.

*

Malam Modu Babarbare ne, ya haura sittin. Ya tashi a jejin Barno yana bin mahaifinsa neman raƙuma da shanun da aka sace. Shekararsa talatin a Kano, yanzu shi ne shugaban masu gadin wani layi a Kantin Kwari. Idan dilar atamfa ta ɓata, shi ake kira kafin a je ga hukuma. Tafiyarsa a hankali take, idonsa kullum a ƙasa, har wasu baƙi kan ɗauka kunya ce.

Ya saurari hayaniyar, sannan ya ce da mai unguwa, "A ba ni zuwa la'asar gobe. Kafin nan kada wanda ya taɓa shi, kada wanda ya je shagonsa."

"In ya aika da hotunan fa kafin goben?" in ji wani.

"Yana zauren nan. Da me zai aika?"

Ya shiga shagon shi da Basirat kawai, ya tura ƙofa.

"'Yata, ƙofa nawa gare ki?"

"Biyu, Baba. Ta baya ba na buɗe ta sai zan tayar da janareto."

"Mukullinta fa?"

"Yana waje, ƙarƙashin kejin janareton nake sa shi."

"Wa ya sani?"

Ta ce, "Boda Taofeek, yayana. Obinna ma ya taɓa gani. Sai ƙawayena da ke zuwa hira."

"Ɓarawo ya shigo, ya ga kyamara biyu da zai iya sakawa a aljihun babbar riga, ya bar su, ya ɗauki abu mafi nauyi a ɗakin. Me ke cikinta da wani ba ya so a gani?"

Basirat ta dafe kai. Ta ce akwai maganar sarƙa. Makon da ya wuce aka yi bikin ƙawarta Huseina, 'yar Hajiya Jawahir mai atamfa a Kwari. Ranar kamu aka sa wa amarya wata tsohuwar sarƙar gwal ta kakarta. Kafin a tashi sarƙar ta ɓace. Hajiya ta zargi masu rabon abinci, ta zargi mai kwalliya, har aka zazzage jakunkunan mutane.

"Jiya Hajiya ta zo nan tana faɗa. Na ce ta kwantar da hankalinta, na ɗauki hoto ya fi ɗari shida, kuma kwamfutar nan tana jawo abu kusa, ko zoben da ke hannun ta can baya sai an gan shi. Na ce ranar Asabar za mu zauna mu bi su ɗaya bayan ɗaya."

"Wa ya ji kin faɗi haka?"

"Ƙofa a buɗe take, Baba. Kuma Hajiya ba ta iya riƙe magana."

"Hotunan suna wani wuri ban da cikinta?"

"Babu. Ina juyewa nake goge katin kyamara."

*

Gaban shagon an riga an tattake shi, babu abin karantawa. Malam Modu ya zagaya ta baya. Lungu ne siriri, kwata a gefe, ƙasar ta jiƙe ta yi laushi, kuma tun da ruwa ya ɗauke kusan babu wanda ya bi ta nan.

Ya tsuguna ya daɗe. Taofeek ya biyo shi ya tsaya a kansa.

"Ka gani ko, Baba? Ƙaton silifas na namiji. Ai ƙafar Obinna ke nan."

"Matsa baya, kana tare min haske."

Sawun ya shigo daga bakin titi, ya tsaya gaban kejin janareto, ya shiga ƙofa, ya fito. Wajen fita ya fi nutsewa, ya karkata hagu, alamar kaya a kafaɗa. A ƙasan silifas na dama akwai wani ɗan rami da yake maimaituwa a kowane taku: kan ƙusa ne, irin wadda ake soke maɗaurin silifas da ita idan ya tsinke. Malam Modu ya auna tsakanin taku da taku da sandarsa. Ya sa yatsa a cikin sawun, ya shafa daga gaba zuwa baya, ya sake shafawa.

A bakin titi sawun ya ƙare. Daidai wurin wani abin hawa ya tsaya a taɓo ya juya. Tayoyi uku. Ta baya ta hagu sabuwa ce, zanenta ya fito raɗau, sauran biyun sun suɗe.

"Me ka gani?" in ji Taofeek.

"Kai a wane sahu ka yi salla yau?"

Taofeek ya haɗe rai. "Ni kake tuhuma? Ƙanwata ce fa!"

"Tambaya na yi. An ce ka taɓa roƙon ta ba ka aron kwamfutar ka yi fasta, ta hana."

"Ta hana, na yi fushi, ya wuce. Sahu na uku na yi salla, ka tambayi ladan."

"Zan tambaye shi."

*

Obinna yana zaune a tabarma a zauren mai unguwa, ya danna tsumma a baki. Mutum ne ƙato, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ba ta da gargada.

"Baba, ko kai ma ka yarda ni ne?"

"Ban yarda da komai ba tukuna. Ina kake da ƙarfe biyu?"

"Ina shago ni kaɗai, ina gyara wayar cajar nan. Babu wanda zai shaide ni, in shi kake nema."

"Gaya min, wanda ya ɗauki kwamfutar ba caja, me zai yi da ita?"

"Babu. Batirinta ba ya kai awa ɗaya, cin wuta gare ta kamar dutsen guga. Cajar wata laftof ba ta tayar da ita, kuma irin tata guda ɗaya ce na sani a garin nan, ita ce wadda suka ƙwace a hannuna. Sannan akwai lambar sirri."

"To ba a iya ganin hotunan ke nan."

Obinna ya ce, "Ana iyawa. In aka kwance ta aka ciro ma'ajiyar aka sa a wata na'ura."

"Wa ya iya wannan?"

"Mu uku ne ko huɗu a Sabon Gari. Har da ni." Ya sauke tsumman. "Na san faɗin haka bai taimake ni ba. Amma Baba, in ni zan sace ta, ranar da cajar ke kan teburina kowa na gani zan zaɓa?"

Malam Modu ya dubi takalman Obinna da ke bakin ƙofa, sau-ciki ne na fata, ya ɗaga ɗaya ya juya ƙasansa, ya ajiye.

*

Da safe ya sami Hajiya Jawahir a shagonta a Kwari, tana tsakiyar turamen atamfa da suka kai rufi. Mace ce doguwa mai wushirya, 'yar asalin Barno kamarsa. Ko gaisuwa ba ta bari sun gama ba.

"Ai a fili yake, Malam Modu. Wadda ta sace sarƙar ita ta haɗa baki da mai gyaran nan. Monica mai kwalliya ce, maƙwabciyarsa ce a Sabon Gari. Ita ta ɗaura wa Huseina sarƙar da hannunta."

"An ce an caje jakarta ranar."

"Jaka kawai aka caje."

"Wa kika gaya wa za a duba hotuna ranar Asabar?"

"Wa zan ɓoye wa? Na faɗa a gida, na faɗa a nan, na je gidan amarya na faɗa mata don hankalinta ya kwanta. Tun ranar take kuka."

"Sarƙar ta mahaifiyarki ce?"

"Tata ce. Ta bar ta ga 'yata."

"'Ya'ya mata nawa gare ki, Hajiya?"

Ta gyara zaman wani turmi da bai karkace ba. "Ɗaya."

Ya nemi Monica, ya tarar tun ranar Laraba tana Zariya wajen wani biki, mutum biyar sun shaida. Ladan kuma ya ce ya ga Taofeek a sahu na uku. Hanyoyi biyu sun toshe.

*

A wancan lokacin adaidaita sahu sababbi ne a Kano, kuma mata ake ɗauka a cikinsu. Namiji sai dai ya hau acaɓa ko tasi. Wannan ne abin da Malam Modu ya riƙe a ransa tun jiya bai gaya wa kowa ba. Mutanen layin sun ce kowa yana masallaci, sun manta rabin unguwar ba ya zuwa Juma'a.

Ya bi layin adaidaita da ke shataletalen Bata yana duba tayoyi kamar mai shirin saye. Na goma sha ɗaya ne ke da sabuwar taya a baya ta hagu. Direban, wani magidanci mai furfura a gemu, ya ce ya yi sallarsa a masallacin da ake idarwa da wuri, shi ya sa yake kan titi a lokacin.

"Na tuna ta. Mai niƙabi, rungume da baƙar jaka kamar jariri. Na ce ta kawo in sa mata a baya, ta ƙi."

"Ina ka kai ta?"

"Sabon Gari. Ta ce in jira. Minti biyar ta fito babu jakar, na mayar da ita Fagge."

Da mutanen layin ne suka ji an ambaci Sabon Gari, da magana ta ƙare a kan Obinna. Malam Modu ya ce, "Nuna min gidan."

Gidan haya ne mai ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna, ba ko kusa da shagon Obinna ba. Ƙabila babu wadda babu a ciki. Wata mata na wanki a bakin famfo, wata 'yar yarinya na riƙe da zanenta. Matar ta ɗago, Malam Modu ya ga tsayinta, ya ga wushiryar. Sai ya gaishe ta da Barbarci.

Ta amsa kafin ta yi tunani. Sannan ta tsaya cak, kumfa na ɗiga daga hannunta. Hannun na ɗauke da lallen biki wanda bai fi mako ba.

"Yaya sunanki, 'yata?"

"Falmata."

"'Yar gidan wa?"

"Matar Abdulwasiu direba ce ni. Ba ni da wani gida sai nan."

"Jiya an kawo miki ajiya."

"Ba a kawo min komai ba."

Bai matsa mata ba, bai kuma kalli ƙofar ɗakinta ba. Ya ce, "Akwai wani bawan Allah da ya kwana a zauren mai unguwar Fagge da fasasshen baki saboda wata jaka. Samari sun ce in la'asar ta wuce ba a gan ta ba, shagonsa za su. Za mu taru a shagon Basirat. Na gaya miki ne kawai."

Daga nan ya wuce gidan ango, wani sabon gida a cikin Fagge, tafiyar minti biyar daga shagon hoton. Angon, Abdulnasir, malamin sakandare, ya fito da fara'a. A gefen dakali akwai silifas na roba, wanda ake shiga banɗaki ko a fita tsakar gida da shi. Malam Modu ya juya na dama da sandarsa. Kan ƙusa ya yi ƙyalli.

"Ara min waɗannan zuwa la'asar. Kuma ka zo da amarya, tunda hotunanta ne suka ɓata."

*

Shagon ya cika. Mai unguwa na kan kujera, Obinna na gefensa. Basirat da Taofeek suna tsaye jikin teburin. Hajiya Jawahir ta zauna a benci, Huseina a kusa da ita cikin babban mayafi, mijinta a bayanta. Samari sun cunkushe a bakin ƙofa. Kowa na satar kallon kowa.

Malam Modu ya zaro silifas daga leda ya ajiye a tsakiyar ɗaki.

"Wanda ya ɗauki kwamfutar, da waɗannan ya shigo. Ga ƙusar da ta bar min alama tun daga bakin titi har ƙofar baya. Na waye?"

Abdulnasir ya ce, "Nawa ne. Amma wallahi..."

Wuri ya kaure. Wani daga waje ya ce dama malaman nan ba a gane cikinsu. Hajiya ta juya tana kallon surukinta kamar yau ta fara ganinsa.

"Ku yi shiru," in ji Malam Modu. "Malam Abdulnasir, saka su."

Ya saka. Ƙafarsa ta cika su, dunduniyar har tana ɗan leƙowa.

"Kun gani. In shi ya taka ƙasa da su, can ƙarshen baya ne zai nutse. Obinna kuwa ƙafarsa ko shiga ba za ta yi ba. Sawun da na gani jiya, a tsakiya dunduniyar ta danna, bayan silifas ɗin ko taɓa ƙasa bai cika yi ba. Takun gajere ne. Ƙaramar ƙafa ce a cikin babban takalmi. Mai ita ta san inda mukulli yake, ta san an ce ranar Asabar za a duba hotuna, amma ba ta san kwamfutar ba ta aiki babu cajarta ba, don ba amfani za ta yi da ita ba. So take kawai kada a kunna ta. Kuma da ta fito, adaidaita ta hau."

Ya nuna silifas ɗin da sandarsa.

"Mai gida ya sa takalminsa mai kyau ya tafi masallaci. An yi ruwa, takalman lefe duk masu tsini ne, ba sa shiga taɓo. Sai aka zura abin da ke bakin ƙofa."

Huseina ta fashe da kuka tun kafin ya rufe baki.

"Ni ce. Ni na ɗauka."

"Ke?" Hajiya ta miƙe tsaye. "Ke da aka sace wa sarƙa?"

"Ba sace ta aka yi ba, Umma. Ni na cire na bayar."

"Kika ba wa?"

"Yaya Falmata."

Sunan ya faɗo ɗakin kamar an yar da kwano. Manyan da ke wurin sun san labarin: babbar 'yar Hajiya ce, wadda shekara shida da suka wuce ta nace sai ta auri wani Bayerabe, direban da ke yi wa shagonsu jigila. Kawunta ya ɗaura auren, Hajiya kuwa ta rantse Falmata ba ta ƙara taka mata gida.

"Ta zo kamun a cikin niƙabi," in ji Huseina tana shessheƙa. "Ni na roƙe ta. Kuma Umma kin sani, ita Kaka ta ce a ba wa sarƙar, a gabanki ta faɗa. Na ja ta bayan labule na sa mata a hannu. Ina juyowa na ga hasken kyamara. Da kika ce za a duba hotuna, na san za ki gan ta, za ki ce sata ta shigo yi."

"Saboda matar Bayerabe kika tozarta ni a gaban mutane?"

Taofeek ya ɗago kai. Basirat ta ce a hankali, "Hajiya, a shagon Bayerabiya kike zaune."

Hajiya ta koma ta zauna.

Basirat ta juya ga ƙawarta. "Huseina, tun firamare muke tare. Me ya hana ki zo ki gaya min? Kin san abin da ke cikin kwamfutar nan. Jiya maza talatin suka tsaya a ƙofar nan suna kallona kamar na sayar da matansu."

"Na yi niyyar dawo da ita in maganar ta lafa."

"Wannan tsakaninku ne," in ji Malam Modu. "Tambayata ɗaya ce. Yaushe kika ji an kama Obinna?"

Ta sunkuyar da kai. "Jiya da yamma."

"Kika kwana, kika tashi, kika yi shiru."

Mijinta ya cire silifas ɗin a hankali ya tsaya da ƙafa a ƙasa.

Sai samarin bakin ƙofa suka dare. Falmata ce, babu niƙabi, jakar a kafaɗarta tana rinjayar ta gefe, 'yarta riƙe da hannunta. Ta ajiye jakar a kan teburin. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da sarƙar ta ɗora a kai.

"Ban buɗe ba. Ga wannan ma. Ba don sarƙa na je bikin ba."

Hajiya ba ta kalli sarƙar ba, ba ta kuma kalli Falmata ba. Yarinyar take kallo, yarinyar ma na kallonta, yatsa a baki.

Mai unguwa ya ce a kunna a tabbatar komai na nan. Obinna ya tashi, ya ɗauki cajar da aka ƙwace masa, ya jona, ya danna. Fankokin suka fara huci. Basirat ta sa lambarta, ta duba, ta ce babu abin da aka taɓa. Sannan ta ce, "Maza su ba mu wuri."

Suka fita gaba ɗaya, aka turo ƙofa.

*

A waje samarin sun fara zamewa ɗaya-ɗaya. Can daga ciki aka ji kukan mace, amma Malam Modu bai iya gane ko ta wace ce ba, kuma bai matsa kusa don ya ji ba.

Taofeek ya zo gaban Obinna yana murza hula a hannu.

"Ka yi haƙuri. Raina ne ya ɓaci."

Obinna ya dube shi. "Sau nawa na gyara maka injin fastocinka, Taofeek? Ka san gidanmu. Ka ci abinci a wajen mamata." Bai jira amsa ba, ya juya.

Malam Modu ya bi shi. Suka taka a ƙafa, suka tsallaka titi suka shiga Sabon Gari. Ƙofar shagon tana nan a karye tun jiya, maƙwabta sun kare ta da benci. Obinna ya tsaya yana kallonta.

"Baba, ka gaya min gaskiya. Da ba ka ga ƙusar nan ba, me za su yi?"

"Da sun ƙone shagon."

"Ni fa?"

Malam Modu ya kawar da kai, kuma Obinna ya gane.

"A garin nan aka haife ni," in ji shi.

"Na sani."

Obinna ya shiga yana tattara abin da aka watsar. Malam Modu ya ja bencin ya ajiye shi a bakin titi, daidai inda duk mai wucewa daga Fagge zai gan shi, ya zauna, ya jingine sandarsa.

"Baba, ba za ka koma Kwari ba?"

"Sai an kira magariba. Gobe ma zan zo. Nemo mai gyaran ƙofa, ina nan."